Kankaren Ciyaman

Shafi na 27

Jifan farko a ƙeya ya sami Ciyaman, hularsa ta yi sama ta faɗa kwata.

Kafin ya juyo na biyu ya sauka a goshinsa. Jini ya ɓalle, ya wanke gaban farar shaddarsa.

"Shi ne! Shi ya kashe Baffa Ilu!"

"Kar a bar shi ya fita!"

Nan take zaman makoki ya watse. Tabarmi, butoci, takalma, kowa takawa yake ya wuce. Dattawan da suka dawo daga maƙabarta, ko ƙasar ƙafarsu ba su wanke ba, sai "Yara ku ji tsoron Allah!" suke, ba mai sauraronsu. Ɗan sandan da ke rakiyar Ciyaman ɗin, Alhaji Jibrin, ya harba bindiga sama, wani ya shirga masa gora a kafaɗa. Bai tsaya ba, ya haura katangar maƙwabta, ya bar ubangidansa a tsakiyar 'yan adaidaita sahu.

Mota kuwa tana can bakin titi. Kankaren da Ciyaman ya sa aka dasa a bakin Lungun Tukurwa don hana adaidaita shiga, shi ya hana motarsa shigowa. Da ƙafa ya tako gaisuwa.

Musbahu, babban ɗan mamacin kuma shugaban 'yan adaidaita na unguwar, ya keta mutane yana watsar da su. Ya shaƙo wuyan babbar rigar Ciyaman, ya ja shi a ƙasa kamar buhu har cikin zauren gidansu. Ya banko ƙofa, ya zura sakata.

Daga waje aka hau dukan ƙofar.

"Shugaba, ba kai kaɗai ya cuta ba! Fito mana da shi!"

Muryar Fa'izu ce, mataimakinsa, wanda aka kwashe wa adaidaita a samamen da ya wuce.

Musbahu ya juya. Ya zaro ƙarfen kwance taya daga bayan ƙofa.

Alhaji Jibrin ya ja da baya har ya jingina da makarar da aka kai Baffa da ita, wadda ba a riga an mayar masallaci ba.

"Musbahu... gaisuwa na zo."

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

Ya sakar masa ƙarfen a ƙauri. Ihun da Ciyaman ya yi sai da na waje suka ɗauki sowa.

"Ka san a me na tura ubana yau da asuba? A kurar mai ruwa! Muka sauke jarkoki muka kwantar da shi, yana riƙe da ƙirji yana kiran sunana. Adaidaitana na can bayan kankarenka, ina hango shi. Ban kai ba. A kan kurar ruwa Baffa ya cika, kamar wanda ba shi da kowa!"

"Allah ya ji ƙansa. Wallahi ban so..."

"Rufe min baki!"

"Garin nan ya shaƙe, Musbahu." Yana magana jini na shiga masa baki yana tofarwa. "Daga Ƙofar Nassarawa zuwa Gwammaja sai mutum ya raina kansa a hanya. Mata na haihuwa a cunkoso. Bas ɗaya tana kwashe abin da tulin adaidaita ba za su kwashe ba. Ni gyara na zo yi."

"Bas ɗin taka ta shigo lungu ta ɗauki ubana?"

Ya sake ɗaga ƙarfen, wannan karon saitin kai.

"Yaya!"

Bahijja ce, ƙanwarsa, ta faɗo zauren daga cikin gida ko mayafin kirki babu. Ita ce ke aiki a sashen tsara hanyoyi na ƙaramar hukumar, abin da ya sa tun da aka dasa kankaren Musbahu bai ƙara cin abincin da ta dafa ba. Ta shiga tsakaninsu ta ware hannuwa.

"Matsa."

"Ba zan matsa ba. A zauren Baffa? Ko kwana bai yi a kabari ba?"

"Ke da shi duk ɗaya ne a wurina. Matsa kafin in haɗa da ke!"

Ya hankaɗe ta, ta bugu da bango, leɓenta ya fashe.

Alhaji Jibrin ya ɗago kai. Idonsa ɗaya ya rufe da jini.

"Kashe ni. Amma kafin nan tambayi ƙanwarka wa ya roƙa a dasa kankaren nan."

"Alhaji, ka yi rantsuwa!" in ji Bahijja.

"Na yi. Wanda na yi wa yana ƙasa, ni kuma ana shirin bin sa da ni. Faɗa masa."

Hannun Musbahu ya tsaya a sama.

"Faɗa min me?"

Ta share jinin bakinta da gefen zane. Ba ta iya kallonsa ba.

"A tsarin farko ba rufe lungun za a yi ba, Yaya. Faɗaɗa shi za a yi, bas ta ratsa ta ciki. Duk zaurukan hannun dama za su tafi."

"To sai me?"

Ta nuna ƙaramar ƙofar da ke kusurwar zauren. Ɗakin da aka binne kakansu, Malam Babba, tun kafin a haife su. Ɗakin da Baffa ke sharewa da hannunsa kowace Juma'a.

"Da na ga taswirar na faɗa wa Baffa. Ya ce in kai shi ofis. Na kai shi."

"Ƙarya kike."

"Har ƙasa ya durƙusa," in ji Ciyaman. "Dattijo sa'an ubana. Na ce Baba, in ba a faɗaɗa ba sai dai a rufe, don in aka bar shi a buɗe duk adaidaitan da aka ɗauke daga babban titi ta nan za su riƙa yanke. Ya ce a rufe. Na ce ɗanka fa da sana'ar nan yake ci da iyalinsa."

"Ya ce me?"

"Ya ce Musbahu yaro ne, zai nemi wata sana'ar. Ubana kuwa, in ji shi, yana kabari, ba shi da inda zai koma."

Ƙarfen ya suɓuce daga hannun Musbahu, ya yi ƙara a daɓe.

Ciyaman ya ci gaba, "Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Kuna zagina a rediyo, kuna ƙona hotona a bakin kasuwa, na yi shiru. Da na so, da tuni na ce ku je gidan shugabanku ku tambaya."

Musbahu ya zame ya zauna. Duk taron da ya tara, duk gangamin da ya jagoranta, kullum Baffa na zaune a bakin zauren nan yana jan carbi, in ya dawo ya ce masa "Allah ya yi albarka." Bai taɓa faɗa masa gaskiyar ba.

Wani wari ya bugi hancinsu.

Fetur ne. Yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofa, siriri, yana neman tabarma.

"Shugaba!" Fa'izu ya daki ƙofar. "Ka ji ko? Ko ka miƙo shi, ko ku fice ta baya ku bar mana shi a ciki. Ashana na hannuna!"

Alhaji Jibrin ya kama bango yana ƙoƙarin miƙewa, ƙafar ta ƙi.

"Buɗe. Zan faɗa musu gaskiya, su san ba ni kaɗai ba ne."

"In ka faɗa gidan nan za su ƙona da mu a ciki!" Bahijja ta riƙe rigarsa. "Mutanen da suka rasa abincinsu saboda kabarin kakanmu? Innarmu na ciki, yau ta shiga takaba. Yara na ciki!"

"In ban faɗa ba kuma ni za su ƙona."

Ta juya wurin yayanta. "Yaya, in ya mutu a zauren nan kai za a rataya. Kowa ya ga kai ka jawo shi. Yi magana mana!"

Kafin ya buɗe baki aka ji wata murya daga ƙofar cikin gida.

"Kai, ku ba ni hanya, marasa dabara."

Duk suka waiga. Goggo Nana ce, yayar Baffa, tana jan jiki a ƙasa daga tsakar gida. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, ta ƙanƙance ta koma kamar yarinya, amma bakinta bai taɓa ciwo ba.

"Goggo, koma ciki."

"In koma in jira wuta? Duk na ji ku. Ilu ya yi abinsa ya tafi ya bar mu da jidali, dama tun yana yaro haka yake." Ta ƙura wa Ciyaman ido. "Kai ne mai kankaren? A hoto ka fi kyau."

"Ina wuni, Hajiya."

"Da ban wuni ba ka gan ni?" Ta nuna makara da haɓa. "Ku ɗora shi a can. Ku ce ni ce na mutu."

"Subhanallahi! Goggo!"

"Me? Unguwar nan kowa jira yake. Ɗazu ma wata ta shigo gaisuwa, da ta gan ni zaune sai da ta ja da baya, ta zaci ni aka kai. Ku ce ƙarar bindigar nan ce ta tsinka min zuciya. Wa zai tare gawa a garin nan? Ku ce lungu ya ɓaci da fetur da kwalabe, a masallacin bakin titi za a yi min salla. Can motarsa take ko?"

Bahijja ta gyaɗa kai a hankali. "Zan kira direbansa ya tsaya a jikin masallacin."

"Ni a makara?" in ji Ciyaman. "Da raina?"

"Gwaji ne, ɗan nan. Ta gasken na nan tafe. In kuwa ka fi so yau ta zama ta gasken, ga ƙofa nan."

Musbahu ya miƙe. Ya dubi ƙofar ɗakin kakansa, ya dubi fetur ɗin da ya kusa taɓa ƙafarsa.

"Bahijja. Shiga ciki ki yi kuka."

Ba ta sha wahala ba, kukan dama a wuya yake. Ta kurma ihu daga tsakar gida, "Wayyo Goggo! Goggo ta tafi!" Matan gidan da ba su san dawan garin ba suka ɗauka, gida ya kaure da salati.

Dukan ƙofa ya tsaya cak.

Musbahu ya zare sakata, ya buɗe kaɗan, ya tare da jikinsa. Fuskoki cike da lungu, gorori da adduna a sama. Fa'izu na gaba, galan a hannun hagu, kwalin ashana a dama.

"Kun huta," in ji Musbahu. "Goggo Nana ta cika. Gawa biyu a gida ɗaya, rana ɗaya. Kunna ashanar, Fa'izu, ka haɗa da ita."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," lungu ya amsa. Gorori suka fara sauka.

Fa'izu bai sauke komai ba.

"Ina mutumin?"

"Muna kan Goggo ya haura ta soron baya."

"Da karyayyiyar ƙafa? Mun ji ihunsa."

"Mai gudun mutuwa ne, ka tambaye shi in ka kama shi."

Fa'izu ya daɗe yana kallon jinin da ke hannun Musbahu. Sannan ya juya.

"Ku kasu! A tare kowane lungu har gindin Dala, ko kaza kar ta wuce!" Ya dawo da idonsa. "Allah ya ji ƙan Goggo. Amma ka sani, Shugaba, ana fita da ita za mu bi gidan nan ɗaki-ɗaki."

Musbahu ya mayar da ƙofa.

A ɗakin Goggo aka yi aikin, an saki labule, an ce mata su ba da wuri ana wanka. Bahijja ta ɗaure goshin Ciyaman da ɗankwalinta. Aka tuɓe masa babbar riga da takalma da agogo. Ragowar farin yadin da aka yanka wa Baffa bai isa ya zagaye shi ba, sai da aka haɗa da zanen gado.

"Tumbin nan zai tona mu," in ji Goggo daga bayan gado, inda aka ɓoye ta tsakanin kwallaye. "Kai, haɗiye cikinka. Duk kuɗin kwalta a nan ya taru?"

"Hajiya, ina jin numfashina na..."

"Gawa ba ta magana."

"Goggo, in sun shigo bincike fa?" in ji Bahijja.

"Ku dai fitar da shi. In sun ɗaga labule na ce musu salamu alaikum, mu ga mai tsayawa."

Aka naɗe shi da tabarma, aka lulluɓe makarar da babban zane kamar yadda ake wa gawar mace. Musbahu ya sunkuya saitin kunnensa.

"Ko tari ka yi, mun mutu tare. Ba don kai nake yi ba."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka fito. Musbahu ya tsara shi da 'yan uwansa na gida za su ɗauka har bakin titi, ba mai taɓawa.

Abin da ya manta kenan. A cikin birni makara ba ta wucewa mutum na tsaye bai sa kafaɗa ba.

Ko taku kaɗan ba su yi ba aka fara "A ba ni in samu lada." Wannan ya karɓa, wancan ya karɓa. Waɗanda ɗazu ke riƙe da adda suka jingine ta a bango, suka goge hannu a wando, suka shigo layi. Kafin Musbahu ya ankara an zare shi daga gaba, an zare 'yan uwansa daga baya. Makara ta koma kafaɗun mutanen da ke neman jinin wanda ke cikinta.

Fa'izu ya ajiye galan. Ya karɓi ɓangaren kai.

"La'ilaha illallah," ake ta yi, ana sauri.

"Kai," wani ya yi ƙasa da murya yana gyara kafaɗa, "Goggon da ko iska za ta ɗauka ce da nauyi haka?"

"Yi mana shiru, ba a faɗin haka a kan gawa," wani dattijo ya kwaɓe shi.

Musbahu na biye a gefe, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Idonsa na kan zanen. Yana ganin yadda yake ɗagawa kaɗan, yana sauka.

Sai ya ga ɗigon.

Ja, ya ratso tabarma ta ƙasan makara, ya tsaya yana lilo. Ya faɗa a wuyan Fa'izu.

Fa'izu ya kai hannu ya shafa. Ya duba yatsunsa. Bai ba wa na bayansa wuri ba, ko da aka taɓa shi a karɓa.

"Na hannuna ne," in ji Musbahu da sauri. "Ni na ɗora ta."

"Na hannunka ya bushe tun ɗazu, Shugaba."

Suka iso kankaren. Dole aka tsaya, aka ɗaga makarar sama da kawuna, na tsallake suka miƙo hannu. Ta karkata. Wani abu kamar nishi ya fito daga cikin tabarma, salatin mutane ya danne shi. Musbahu ya ɗaga murya ya fi kowa.

Aka tsallake.

Ga titi. Ga masallaci a tsallaken kwalta. Ga baƙar motar Ciyaman a jikin katangarsa, ƙofar baya a buɗe, direba na zaune injin na aiki. Abin da ya rage bai fi a tsallaka titi ba.

Wata sabuwar bas, irin ta Ciyaman, ta ja birki a gabansu ta tare hanya. Mutum ɗaya ya sauko. Dogo, gemunsa da furfura, jakar tafiya a kafaɗa. Ba wanda ya san shi a cikin samarin. Ganin makara ya cire hula ya matsa gefe.

"Bayin Allah, daga Lungun Tukurwa? Ba dai Malam Ilu ba ne sai yanzu? Na ji sanarwa a rediyo na taso."

"An kai Malam Ilu tun hantsi. Wannan yayarsa ce, Goggo Nana."

Jakar ta faɗi ƙasa.

Mutumin ya yi taga-taga, ya zo ya dafa makarar da hannu biyu, dole masu ɗauka suka tsaya.

"Malam, lafiya? Ba da hanya mana."

Dattijon nan na ɗazu ya matso yana ƙanƙance ido. Sai ya riƙe baki.

"Yusuf? Yusuf na Nana, da ya yi fushi ya bar gari tun kafin a haifi yaran nan?"

"Uwata ce," mutumin ya faɗa, hawaye na bin gemunsa. "Gafara na zo nema, ashe ban rabauta ba. Ku sauke ta. Don girman Allah ku sauke ta, ba za a rufe ta ban ga fuskarta ba."

"Bawan Allah, lokaci na tafiya," in ji Musbahu. "A bari sai a..."

"A sauke," in ji Fa'izu.

Yana murza jinin tsakanin yatsunsa, idonsa cikin na Musbahu.

"Haƙƙinsa ne. Wa zai hana ɗa ganin uwarsa? A sauke a nan."

Aka sauke makara a tsakiyar titi. Mutane suka yi zobe.

Yusuf ya durƙusa, ya yaye zanen, ya kai hannu kan ƙullin da ke saitin kai.